Kabari a Buɗe, Ƙofa a Kulle



Kwana 40 muka yi muna azumi, amma kwana 50 Ikilisiya ta keɓe mana domin murnar tashin Ubangiji, daga Lahadin Ista har zuwa Fentikos. A cikin waɗannan makonni, karatu na fari a Misa daga Ayyukan Manzanni ake ɗauko shi, ba daga Tsohon Alkawari ba. Lahadi bayan Lahadi muna jin Bitrus yana tsaye a gaban jama'a da gaban mahukunta, yana magana ba tsoro ba fargaba. Domin mun saba jin haka tun muna yara, mukan ɗauka cewa dā ma haka aka haifi manzanni, jarumai masu ƙarfin zuciya. Ya kamata mu koma baya kaɗan mu dubi irin mutanen da suke kafin wannan rana, gama wanda bai san zurfin ramin ba, ba zai san girman hannun da ya fid da su ba.

A daren Alhamis, sa'ad da aka kama Yesu a Gatsemani, kowa ya yi ta kansa. Markus har ya ba da labarin wani saurayi da aka cafke mayafinsa, ya saki mayafin ya tsere tsirara. Bitrus ya yi ƙoƙari ya bi daga nesa, ya shiga farfajiyar gidan babban firist yana jin wuta tare da barori. Ba soja ne ya tsare shi da takobi ba, baranya ce ta yi masa tambaya, karin harshensa na Galili kuma ya tone shi, sai ya shiga rantse-rantse cewa bai san mutumin ba. Washegari a gindin gicciye, in ban da Maryamu uwarsa da waɗansu mata da almajirin nan da Yesu yake ƙauna, ba a ga sauran ba. Da aka zo jana'iza kuwa, Yusufu mutumin Arimatiya da Nikodimu ne suka ɗauki gawar suka yi mata sutura, mutane biyu da suke bin Yesu a ɓoye. Mu da muka san nauyin jana'iza, mun san abin da ake cewa game da almajirin da bai halarci binne malaminsa ba. Wannan abin kunya yana kan manzanni, Bishara kuwa ba ta ɓoye shi ba.

Kada mu yi saurin zarginsu. Gicciye da muke ratayawa a wuya yau, a wancan zamani hukunci ne da Romawa suka tanada domin bayi da 'yan tawaye, a bainar jama'a, domin duk wanda ya gani ya shiga taitayinsa. Ga Bayahude kuma akwai abin da ya fi zafin jiki, gama Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 21, ya nuna cewa wanda aka rataye a bisa itace yana ƙarƙashin la'ana. Saboda haka sa'ad da Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, ya ba da umarni a gicciye Yesu, a ganin kowa magana ta ƙare. Roma ta yanke hukunci, kamar kuma Allah da kansa ya sa hannu. Ba kuma Yesu kaɗai ne ya taɓa tara mabiya a ƙasar ba. Yahuza Bagalile ya tayar da jama'a a lokacin ƙidayar shekara ta 6. Wani mai suna Tudas shi ma ya ja mutane a bayansa. Daga baya, tsakanin 132 da 135, Bar Kokba ya yaƙi Romawa, har waɗansu manyan malamai suka ɗauke shi Almasihu. Dukansu an kashe su, mabiyansu suka watse, ba kuwa wanda ya tashi ya ce shugabansa ya fito daga kabari. Hanya biyu ce aka sani: ko ka koma gida ka rufe bakinka, ko ka nemi wani shugaba. Mutanen nan biyu da suka kama hanyar Imuwasu ran Lahadi, tafiyar kamar mil 7 daga Urushalima, hanya ta fari suka bi. Sun ce dā sun sa zuciya, wato yanzu sun fid da ita.

Wani zai ce, ai Yahudawa sun gaskata da tashin matattu. Gaskiya ne, ko da yake ba dukansu ba. Farisiyawa sun yarda, Sadukiyawa sun ƙi. Littafin Daniyel, sura 12, ya yi maganar masu barci cikin ƙura da za su farka. A littafi na biyu na Makabiyawa, sura 7, mun karanta labarin uwa da 'ya'yanta 7 da suka zaɓi mutuwa a kan su karya Shari'a, suna dogara cewa Allah zai mayar musu da jikinsu. Marta ma, a bakin kabarin Li'azaru, ta ce ta san ɗan'uwanta zai tashi a ranar ƙarshe. Amma mu lura da wannan kalma, ranar ƙarshe. Abin da suke jira shi ne tashin dukan mutane gaba ɗaya, bayan duniya ta naɗe, kamar yadda maƙwabtanmu Musulmi su ma suke maganar tashin ƙiyama. Ba wanda ya zaci mutum guda zai riga kowa tashi, alhali kasuwa tana ci, sojan Roma yana bakin ƙofar birni, makabarta kuma tana ta karɓar mutane. Shi ya sa ko da Yesu ya sha faɗa musu, Markus ya ce suka riƙa tambayar juna ma'anar wannan tashi. Matan da suka yi sammako ran Lahadi, kayan ƙanshi suka ɗauka domin su shafe gawa, damuwarsu a hanya kuwa ita ce wa zai kawar musu da dutsen. Da Maryamu Magadaliya ta tarar da kabarin a buɗe, kuka ta fashe da shi, tana cewa an ɗauke gawar. Almajirin da Yesu yake ƙauna ne kaɗai aka ce ya ga likkafanin a ajiye ya ba da gaskiya. Ga sauran, kabarin da ba kowa ƙarin baƙin ciki ne a kan baƙin ciki.

Batun matan nan ya isa a tsaya a kansa. A wancan zamani shaidar mace ba ta da nauyi a gaban shari'a. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na fari, ya rubuta cewa ba a karɓar shaida daga bakin mata. Wajen shekara ta 178 wani masani mai suna Kelsus, wanda ya rubuta littafi domin ya ƙaryata Kiristoci, ya yi mana ba'a cewa addininmu ya dogara ne ga maganar mace mai taɓin hankali. Manzanni da kansu, in ji Luka, sun ɗauki labarin matan kamar tatsuniya. To, da a ce waɗansu ne suka zauna suka ƙulla wannan labari domin a yarda da shi, da sun sa Bitrus ko Nikodimu, ɗan majalisa, ya zama mai gani na fari. Amma Bishara huɗu duka sun ce mata ne suka fara zuwa kabarin, sun kuma bar shi haka domin haka ya faru. A shekara ta 2016 Fafaroma Francis ya ɗaukaka ranar tunawa da Maryamu Magadaliya, 22 ga Yuli, ta zama idi kamar na manzanni, da tsohon laƙabinta, wato manzo zuwa ga manzanni. Iyayenmu na Zumuntar Mata, waɗanda su ne kan riga kowa isa gidan makoki, su ne kuma na ƙarshen tashi, su sani suna da magabata.

Maroƙi ba ya faɗin ranar da ubangidansa ya juya baya a fagen fama. Amma waɗannan littattafai, da aka rubuta a cikin Ikilisiyar da manzanni suke shugabanta, sun adana gudunsu da musunsu da taurin kansu. Tun ƙarni na 2 Fafiyas, bishop na Hirafolis, ya shaida cewa Markus daga wa'azin Bitrus ya rubuta Bishararsa, ga shi kuwa Markus bai rage kome daga faɗuwar Bitrus ba. Ashe Bitrus da bakinsa ya riƙa ba da labarin zakaran nan.

Yanzu sai mu zo ga yammacin wannan Lahadi. Kabari a buɗe yake tun da asuba, amma almajirai suna cikin ɗaki, ƙofa a kulle saboda tsoro. A nan Ubangiji ya same su. Mu tambayi kanmu, da mu ne aka yi wa abin da aka yi masa, sa'an nan Allah ya tashe mu da iko, ina za mu fara zuwa? Da yawa cikinmu gidan Kayafa za mu nufa, ko fadar Bilatus, mu tsaya a gabansu su gani da idonsu. In kuwa mun zo wurin abokan da suka yashe mu, da gori za mu fara. Shi kuwa bai je wurin waɗanda suka kashe shi ba, ya zo wurin waɗanda suka gudu suka bar shi, abin da ya fara fitowa daga bakinsa kuma sallama ce, har sau biyu. Ya nuna musu hannuwansa da kuiɓinsa. Da suka firgita suna tsammani fatalwa ce, sai ya nemi abinci, suka ba shi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Sa'an nan ya hura musu Ruhu Mai Tsarki, ya danƙa musu ikon gafarta zunubai. Ku duba wa aka ba wannan iko: mutanen da kwana 3 da suka wuce su ne suka fi kowa bukatar gafara. Duk sa'ad da muka durƙusa muna faɗin zunubanmu a gaban Fada, daga wannan ɗaki mai kulle abin ya taso.

A nan ya wajaba mu bambanta abu biyu da akan gauraya. Li'azaru, da 'yar Yayirus, da ɗan gwauruwar Nayin, an komo da su cikin irin rayuwar da suka bari, suka ci gaba da tsufa, daga baya kuma aka sake yi musu jana'iza. Tashin Almasihu ba haka yake ba. Jikin da aka gicciye shi ne ya tashi, ga tabon ƙusa, ana iya taɓa shi, yana cin abinci, amma kulle ba ya tsare shi, mutuwa kuma ba ta da sauran iko a kansa. Su kansu almajiran sun rasa kalmomin da za su ɗauki abin, shi ya sa wani lokaci ba sa gane shi nan da nan, sai ya kira suna, ko ya gutsuttsura gurasa. Bulus ya kwatanta shi da iri da ake binnewa a ƙasa da tsiron da yake fitowa, abu ɗaya ne amma ɗaukakarsu ba ɗaya ba. Manomi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Toma ba ya nan a wannan yamma. An daɗe ana yi masa laƙabi da mai shakka, a ganinmu kuwa an ɗan ƙware shi. Shi ne wanda, sa'ad da Yesu ya ƙudura komawa Yahudiya inda ake neman ransa, ya ce wa sauran su tashi su je su mutu tare da shi. Mutum ne da ba ya faɗin abin da ba ya cikin zuciyarsa. Da suka ce sun ga Ubangiji, sai ya tsaya a kan cewa gani ya kori ji, bai kuwa nemi abin da ya wuce wanda aka nuna wa sauran ba. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne kwanakin nan 8. Mako guda cur Toma yana cikinsu, su suna murna shi yana musu, ba su kore shi ba, shi ma bai yi fushi ya fita ba. Da Lahadi ta kewayo yana nan a ɗakin, Ubangiji kuwa ya komo saboda shi, daga bakinsa kuma aka ji shaidar da ta fi kowace girma a cikin Bisharar Yahaya, da ya kira Yesu Ubangijinsa da Allahnsa. A kowace Ikilisiya tamu akwai Toma: saurayin da ya je makaranta ya komo da tambayoyi, matar da ta binne ɗa na biyu ta daina buɗe baki a waƙa. In muka sa musu ido ko muka yi musu tsawa har suka daina zuwa, mun raba su da ɗakin da Ubangiji yake shiga.

Shaida mafi daɗewa da muke da ita a rubuce tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 15, wadda ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 54 ko 55, wato shekara 25 ko ƙasa da haka bayan gicciye. Ya ce abin da ya karɓa ne ya miƙa musu, ma'ana maganar ta girmi wasiƙar. Ya jera waɗanda suka gani: Kefas, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, yawancinsu kuwa suna da rai sa'ad da yake rubutu, sai Yakubu, sai dukan manzanni, daga ƙarshe shi kansa. Biyu daga cikin waɗannan ba za a ce ƙauna ce ta rufe musu ido ba. Yakubu yana cikin dangin Yesu, waɗanda Yahaya ya ce ba su gaskata da shi ba a lokacin hidimarsa. Bulus kuwa da takardun kama Kiristoci ya nufi Dimashƙu. Bulus bai kuma bar wa kansa ƙofar baya ba. Ya ce in Almasihu bai tashi ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyarmu banza ce, su kuma shaidun zur ne a kan Allah. Da ya faɗi wannan magana ta tashin matattu a gaban masanan Atina, waɗansu dariya suka yi masa, bai kuwa sauya ta domin ya faranta musu ba.

Sai mu dubi abin da shaidar ta jawo musu. Bayan 'yan makonni, Bitrus da Yahaya suna tsaye a gaban majalisar nan da ta yanke wa Yesu hukunci, 'yan majalisar suna mamaki domin sun san su talakawa ne marasa karatu. Aka hana su magana, suka ƙi. Aka yi musu bulala, suka fita suna murna. Aka jajjefe Istifanas. Hirudus Agaribas, wanda ya mutu a shekara ta 44, ya sa aka sare Yakubu ɗan Zabadi da takobi. A shekara ta 62 aka jajjefe ɗaya Yakubun a Urushalima, Yusufus kuma, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta labarin. A shekara ta 64 gobara ta cinye babban sashe na birnin Roma, sarki Niron ya ɗora wa Kiristoci laifi, aka kashe su da azaba iri iri, a cikin wannan tsanani ne Bitrus da Bulus suka ba da ransu. Mun sani mutum yana iya mutuwa saboda abin da ba gaskiya ba, in an koya masa ya kuma yarda. Amma waɗannan ba labarin wani suka ji ba, cewa suka yi da idonsu suka gani, suka ci suka sha tare da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, da ƙulli ne, da bulala ta kwance shi a bakin ko da mutum ɗaya.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Bitrus ɗin da ya zare takobi a Gatsemani ya sare kunnen Malkus bai ƙara ɗaukar takobi ba. A shirayin Sulemanu ya dubi mutanen Urushalima ya gaya musu laifinsu ƙiri ƙiri, bai sassauta ba, amma ya kira su 'yan'uwa, ya ce ya san cikin rashin sani suka aikata, ya kira su ga tuba. Istifanas ya mutu yana roƙa wa masu jifansa gafara, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya a wurin kuwa shi ne Bulus. Muna faɗin wannan da sanin cewa a cikin masu karanta wannan takarda akwai waɗanda suka rasa miji ko ɗa ko gida a cikin tashin hankali, ba kuwa da wasa muke taɓa wannan miki ba. Neman gaskiya da shari'a hakkinku ne, Bulus ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ramuwar gayya ce ba mu da ita. Mai ramuwa yana aiki ne kamar kabari shi ne ƙarshen magana, kamar in bai karɓi hakkin mamacinsa da hannunsa ba, ba mai karɓa. Almajiran fari sun ga Allah ya warware hukuncin Bilatus ba tare da an zub da jinin kowa ba, shi ya sa suka iya sakin takobi.

Wannan bangaskiya ta sāke musu har lissafin kwanaki. Yahudawa ne da suka gāji kiyaye Asabar kaka da kakanni, amma suka fara taruwa a ranar fari ta mako suna gutsuttsura gurasa, suka kira ta ranar Ubangiji. Wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa Kiristoci sukan taru a wata rana da suka tsayar, tun kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa kamar ga Allah. Ta sāke musu yadda suke riƙe dukiya, har aka ce ba mai rashi a cikinsu, aka kuma naɗa mutum 7 musamman domin kada a manta da gwauraye mata wajen rabon abinci. Ta sāke sunan da suke kiran makabarta, suka ba ta suna da Helenanci mai ma'anar wurin barci, kusan yadda mu ma mukan ce makwanci. Sa'ad da muke faɗin Aƙidar Bangaskiya kowace Lahadi, wadda aka kammala a majalisar Kustantiniya a shekara ta 381, da sauraron tashin matattu muke rufe ta.

Saboda haka a gidan makoki ne ake gane ko mun gaskata abin da bakinmu yake faɗa. Kuka ba laifi ba ne, Ubangiji ma ya yi hawaye a Betanya, Bulus kuma bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, ya dai ce kada ya zama irin na marasa bege. Amma abin takaici ne a ga an fito daga Misar jana'iza, kafin ƙasar kabari ta bushe dangi sun shiga neman wanda ya ci mamacin, ana nuna wata tsohuwa da yatsa ana ce mata mayya, ko kuwa a kwashe kayan ɗaki da gona a bar gwauruwa da marayu hannu wofi. Muna roƙon katekis da shugabannin zumunta a kowane ƙauye su tsaya a kan wannan, su kai maganar gaban Fada tun ba ta yi nisa ba. Abin da mamaci yake bukata daga gare mu shi ne addu'a da Misa, kamar yadda Yahuza Makabi ya sa aka miƙa hadaya domin mutanensa da suka mutu, da kuma riƙon waɗanda ya bari.

Babban kyandir da aka kunna daga sabuwar wuta a daren Ista zai ci gaba da ci kusa da bagade har ranar Fentikos. An kafa masa ƙwayoyin turare 5 domin tunawa da raunuka 5 da Ubangiji ya tashi da su. Bayan Fentikos za a kai shi kusa da wurin baftisma, a riƙa kunna shi duk sa'ad da aka kawo jariri ko baligi ga ruwan baftisma, a kuma tsayar da shi kusa da akwatin gawa duk ran da muka kawo ɗayanmu coci zuwan ƙarshe.